Kai! Ashe a Cikin Fetur Yake Iyo!

Injin lantarki ne fa. Da wayoyinsa, da tartsatsinsa, da komai nasa. Kuma a cikin fetur yake zaune. Tsundum a ciki!

Kai jama'a! Ku tsaya ku ji. Mu da idan muka shiga gidan mai ake hana mu ko amsa waya, mu da muke daka wa mai shan sigari tsawa idan ya kusanci jarka, ashe kullum a ƙarƙashin kujerar baya, inda 'ya'yanmu ke zama suna cin gyaɗa, akwai wani ɗan inji da ke juyi da wutar batir a tsakiyar mai. Yana juyi, yana juyi, kuma ba abin da ya kama!

Da idona na gani. A Namtari na gani.

Wanda ya san hanyar Numan ya san wurin. Ka baro Jimeta, ka miƙa wajen Ngurore, ga tireloli na shanu suna wucewa fuuu, ga rana ta watan Afrilu, irin ranar Yola da ke sa kwalta ta yi laushi. Tsohuwar motata 'yar Kwatano ta fara fizga. In taka totur, ta yi kamar za ta amsa, ta fasa. In sake takawa, ta yi tari. Daga nan sai shiru. Na gangara gefen titi da sauran gudunta.

Na murza makulli. Kik na yi sarai, gur-gur-gur-gur, inji na juyawa, amma tashi? Ina!

Kafin ka ce me, an taru. Kowa likita. Wannan ya ce fulogi ne. Wancan ya ce ruwa ne a mai. Wani dattijo da ke sayar da rake ya yanke hukunci ko bonet bai leƙa ba: "Famfon mai ne. Ya ƙone. Sai sabo."

Na kira wani mai rewaya da na sani a Jambutu. Ya iso da yaronsa da wata 'yar jaka. Na ce to, yanzu za a fara kwance-kwance.

Ko sifana bai ɗauka ba! Wallahi ko sifana!

Murfin tanki ya buɗe. Ya kara kunnensa a bakin. Ya ɗaga hannu ya ce wa taron nan a yi shiru, aka kuwa yi tsit. Ya ce, "Malam, murza makulli, amma kada ka kai kik. Daidai inda fitilun gaban direba ke kamawa, tsaya nan."

Na murza.

"Kashe. Sake."

Na sake.

Ya ɗago ya ce, "Bai yi magana ba."

Wa zai yi magana? Famfo! Ashe magana yake yi! A yawancin motocin zamani masu injekta, da zarar ka kunna makulli, kwamfutar mota, wadda 'yan gareji ke kira birenbos, takan ba famfon wuta na daƙiƙa 2 zuwa 3 don ya cika bututu da mai kafin inji ya tashi. Wani ɗan ƙugi ne siriri daga baya: zzzzzz, sai ya yanke. Kullum yana yi. Kullum! Mu ne dai rediyo da hira da gaggawa ba sa bari mu ji. Ka gwada gobe da asuba a motarka, kafin ka kunna komai. Za ka ji shi!

Amma ya ja kunnena da wani abu, kuma a nan na san mutumin ya san aikinsa. Ya ce ba kowace mota ke wannan gaisuwar ba. Toyota da yawa, musamman tsofaffi, famfonsu ba ya motsi sai inji ya fara juyawa. Wanda bai sani ba sai ya kunna makulli, ya ji shiru, ya ce famfo ya mutu, a cire lafiyayyen abu a jefar. A irin waɗannan, sai an sa wani ya riƙa yin kik, kai kuma kunnenka na tanki. Tsofaffin ma suna da wani ɗan akwati a wajen inji, mai ramuka, ɗaya an rubuta FP ɗaya +B. Ka haɗa su da 'yar waya, ka kunna makulli, famfo ya tashi kai tsaye. Tun daga masana'anta aka tanadi hanyar gwajin!

To, tawa dai ta saba ƙugi, yau kuma ta yi gum. Dattijon rake ya gyara tsayuwa: "Ban faɗa ba?"

Mai rewaya ko kallonsa bai yi ba. Ya ce, "Shirun famfo ba mutuwarsa ba ce. Wataƙila abinci ne bai kai masa ba."

Sai ya fara bin wuta tun daga tushe. Batir lafiya, tunda kik na juyawa da ƙarfi. Ya buɗe akwatin fis, ya zaro na famfo, ya ɗaga shi a rana. Zaren ciki bai tsinke ba. Ya mayar.

Sai rile. Wani ɗan baƙin akwati mai ƙafafu, shi ne makunnin da birenbos ke taɓawa da ƙaramar wuta don ya saki babbar wuta zuwa famfo. Ya ɗora yatsa a kai, na kunna, ya ce ya ji ƙyas. Amma wai ƙyas ɗin ma ba shaida ba ce, don bakin ƙarfen ciki kan ƙone, ya riƙa ƙara ba ya wuce da wuta. Ka san abin da ya yi? Ya zare rilen oda! Na oda, wanda ake dannawa! Lambarsu ɗaya, ƙafafunsu ɗaya. Ya musanya su. Ya danna oda: piiiim! Ta yi kuka da rilen famfo. Ke nan rilen lafiyarsa ƙalau. Ba mita, ba kwamfuta, ba ko sisi. Kai!

Daga nan ya ce wa yaronsa, "Ɗaga kujera."

Yaro ya finciko kujerar baya. Ƙarƙashinta, ban da ɓawon gyaɗa da wata tsohuwar Naira 20, ga wani faifan ƙarfe. Aka kwance shi. Ga saman tanki! Ga bututu, ga soket da wayoyi. Shekara da shekaru ana zama a kan ƙofa ba a san ƙofa ba ce.

Ya zaro fitilar gwaji, ɗan ƙwai da waya da tsinke. Ya soka a bayan soket, na kunna. Ƙwan ya kawo, amma ja-ja, dishi-dishi, da ƙyar. Ya ce, "Yawwa!" Ya ciro soket ɗin, ya miƙo mini.

Wari! Warin ƙonanniyar roba. Ɗaya daga cikin ramukan ya yi baƙi, robar gefensa ta narke, ƙarfen ciki ya saki ya yi kore.

Nan ɓarawon yake! Batir mai lafiya yana ba da wajen bolt 12.6, kuma kusan duka ya kamata su isa famfo. In waya ta yi tsatsa ko baki ya saki, wutar sai ta tsaya a wurin tana zama zafi, abin da ke isa famfo bai isa ya juya shi ba. Famfon ƙaramar mota yakan ja amfiya 4 zuwa 8, ba ƙaramar wuta ba ce ga ɗan bakin ƙarfe da ya yi sako-sako. Ya ce shi ya sa ake auna wutar famfo yana haɗe, yana ja. In ka cire soket ka sa mita, za ta nuna maka 12 cif, ta yaudare ka, don ba a ɗora wa wayar kaya ba. Kuma a duba wayar da ke komawa jikin mota, ita ma rabin hanya ce.

Ya kankare, ya matse bakin, ya mayar. "Malam, kunna."

Zzzzzzz!

Na ji shi! Wallahi na ji shi! Kowa ya ji! Yaran da suka taru har da tafi. Kik ɗaya mota ta tashi. Na waiga neman dattijon rake, ya koma kan rakensa.

Ni har na fara laluben aljihu. Ya ce, "Tsaya tukuna. Me ya sa soket ya ƙone? Wani abu ne ke wahalar da famfon har yake jan wutar da ta fi ƙima."

Sai ga geji daga cikin jaka, agogo mai allura da bututu. Kafin ya taɓa komai, ya zare fis ɗin famfo mota na kunne, ya bari ta shanye man da ke cikin bututu ta mutu da kanta. Wai in ba haka ba, kana sassauta bututu fetur zai feso maka a ido. Ya kori duk mai sigari, ya sa tsumma, ya haɗa gejin a tsakanin bututun. Wasu motocin, ya ce, suna da bawul irin na taya a kan bututun injekta, kawai ɗaurawa za ka yi. Wasu kuwa sai ka yi musu mahaɗa.

Ka san ƙarfin da ake nema? Wajen bar 3 a ma'aunin matsi! Corolla ta farkon shekarun 2000, wadda ta cika titunan Jimeta, littafinta ya ce psi 44 zuwa 50. Tayar ƙaramar mota fa wajen 32 ake ba ta. Wato man da ke bin ɗan bututun nan a ƙarƙashin ƙafarka ya fi iskar tayarka matsi! Dole ne kuwa, don nozul, wato bakin injekta, ba zuba mai yake yi ba, fesa shi yake ya zama hazo, kuma hazo ba ya samuwa sai da ƙarfi.

Allurar tawa ta hau, ta tsaya ƙasa da inda ake so. Ya ja totur, maimakon ta tsaya daram sai ta sunkuya. Ga fizgar nan! Ga ta a fili a kan agogo! A tsaye man na isa, da an nemi gudu sai ya gaza.

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da wasu za su ji haushi. Gwajin nan da ake yi a bakin titi, a cire bututu, a kunna, mai ya yi tsartuwa a ƙasa, a ce "famfo na kawowa, lafiya lau": wannan ba gwaji ba ne. Famfon da ya kusa mutuwa ma zai yi tsartuwa in ba abin da ya tare shi. Tambayar ita ce ko zai iya turawa a kan matsi. Ga kuma fetur a kan inji mai zafi, a rana irin ta Adamawa. Allah ya kiyaye!

To, sai aka zo wurin. Ya cire kan batir. Ya kwance zoben saman tanki. Ya sa hannu biyu, a hankali, a hankali, yana karkatawa, ya zaro shi.

Kai! Kai! Kai!

Wata farar roba doguwa, fetur na ɗiga daga jikinta, ƙamshin ya cika motar har idona na yaji. A gefe wani siririn ƙarfe da ɗan kumfa a bakinsa yana lilo. Na ce wannan fa? Ya ce shi ne ke gaya wa allurar gaban direba yawan mai. Mai ya hau ya hau, mai ya sauka ya sauka. A tsakiya kuma ga shi. Shi kansa. Ɗan gwangwanin ƙarfe mai sheƙi, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, wayoyi biyu a kansa. Wayoyi! Jiƙe sharkaf da fetur!

Na ja da baya. Na ce, "Oga, wannan ba bam ba ne?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Malam, wuta ba ta ci sai da iska."

Ashe lissafi ne. Tururin fetur ba ya kamawa sai in ya gauraya da iska daidai gwargwado, tsakanin kashi 1.4 da kashi 7.6 cikin 100. In ya yi ƙasa da haka, ba ya ci. In ya wuce haka, nan ma ba ya ci! Cikin tanki a rufe kuwa tururin ya yi yawa ƙwarai, ya kore iska. Cikin famfon kansa kuma ba ma tururi ba ne, ruwan fetur ne zalla. Tartsatsi ya tashi, ya rasa abokin aiki, ya mutu. Hatsarin yana bakin tanki in an buɗe, inda tururi ke haɗuwa da iskar waje. Shi ya sa ya cire batir kafin ya buɗe.

A gindin famfon akwai wata 'yar jaka ta raga, matata ce. Ya ce fara ce a asali. Tawa? Baƙa ƙirin! Ya matsa ta da yatsa, wani laka-laka ja ya fito, da yashi, da tsatsa. Ta nan famfon ke ta fama yana zuƙa, yana nishi, yana jan wuta, har soket ya gaji ya narke. Daga ina dattin? Daga ko'ina: jarkar 'yan bumburutu, mazurarin da aka ajiye a ƙasa, ƙurar hunturu, tsohon tanki. Kuma ba kullum laifin bakin titi ba ne. Wa ya manta Fabrairun 2022, da hukuma da kanta ta amsa cewa an shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima daga Antwerp ta Beljiyam, motoci suka yi ta lalacewa, layi ya dawo gidajen mai?

Aka wanke, aka mayar, allura ta hau inda ya dace ta tsaya cak. Ya kashe mota, ya ce in zuba wa agogon ido. Allurar ba ta faɗi ba. Wai wannan ma gwaji ne! A bakin famfo akwai wani ɗan bawul da ke hana mai komawa tanki. A Corollar nan, bayan minti 5 da kashewa, bai kamata matsin ya sauka ƙasa da psi 21 ba. In ya zube nan take, ko bawul ɗin ne ya saki, ko wani nozul na yoyo. Motar da sai ka daɗe kana kik kafin ta tashi, amma in ka kunna makulli ka kashe sau biyu ko uku sai ta tashi da wuri? Sau da yawa wannan ne!

Ni fa abin ya riga ya shiga raina. Na bi shi har garejinsa a Jambutu, na ce sai na ga cikin gwangwanin. Ya tono wani matacce daga tarin tarkace, ya sa zarto.

A ƙasa, wani ɗan faifan roba mai ƙananan haƙora jere a gefensa. Shi ke nan! Shi ne mai turawar! Yana juyi sau dubbai a minti, yana iya tura wajen lita 100 a awa, abin da injin ƙaramar mota ba ya shanyewa ko kusa. Ragowar wani bawul mai daidaita matsi ke mayarwa tanki. Sama da faifan, naɗin jan ƙarfe. Can sama, gawayi biyu ƙanana da ke gugar wani zobe, su ke ba shi wuta. A mataccen nan gawayin sun cinye, zoben ya yi rami.

Na ce to ta ina man ke bi? Ya ce, "Ta nan." Ya nuna tsakiyar naɗin wayar.

Ta cikin injin! Ta cikinsa! Fetur na shiga ta ƙasa, ya ratsa wayoyi, ya wanke gawayi, ya fita ta sama. Shi ne ruwan sanyinsa, shi ne man shafawarsa. Duk mai rijiyar burtsatse ya san sumo: a cikin ruwa yake rayuwa, ranar da ruwa ya janye aka bar shi yana juyi a bushe, ranar zai ƙone. To haka wannan.

Nan hankalina ya tashi, don na tuna yadda muke tuƙi yanzu. Tun 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Wa ke cika tanki? Lita 3, lita 5, jar fitila ta zama abokiyar tafiya. Mai kaɗan saurin ɗaukar zafi gare shi, ga kwalta na huci daga ƙasa. A kwana ko a gargada sai ya kwanta gefe, famfo ya zuƙi iska. In ya ƙare ƙaf kuma kana ta kik, a bushe yake juyi. Maganar da ake yi wai in mai ya yi ƙasa ne famfo ke jan dattin gindin tanki, wannan kam ban yarda da ita ba, tunda na ga bakinsa: a gindin yake kullum, ko tanki a cike ko a rabi. Zafi da iska su ne masu kisan. Mai rewaya ya ce in da hali kada allura ta sauka ƙasa da kwata. Kuɗin man ɗaya ne, sai dai cikon farko ne mai ciwo.

To me ya kai Turawa suka jefa famfon cikin tanki tun farko? Tsofaffin direbobin Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, su za su ba ka amsa. Nata famfon a jikin inji yake, ba ruwansa da lantarki. Wani ƙulli a sandar kam ke tura masa hannu, wata fatar roba a ciki ta riƙa sama da ƙasa, tana tsotso mai tun daga baya zuwa kabureta, da ɗan matsin da bai kai ko rabin bar 1 ba. In rana ta ƙwalle, fetur ya tafasa a bututu ya zama tururi, famfo ya yi ta tsotsar iska. Shi ne za ka ga direba ya jiƙa tsumma ya ɗora a kan famfo, ko ya zuƙo mai da baki, ko a ɗaure galan a saman mota a ja tiyo kai tsaye. Da injekta mai kwamfuta ta zo, wadda Bosch ya fara sa wa Volkswagen 1600 a 1967, aka koma famfon lantarki, daga baya aka nutsa shi cikin tanki. Tura mai ya fi tsotso shi sauƙi, kuma man da ke cikin matsi ba ya saurin tafasa.

Har da dabarar tsaro! Bayan daƙiƙun farkon nan, birenbos ba ta ci gaba da ba famfo wuta sai tana samun saƙo daga wata na'ura cewa inji na juyawa. In aka yi hatsari inji ya tsaya, famfo ya tsaya, kada ya yi ta feshin mai a kan titi. Wato in na'urar nan ta lalace, mota za ta ƙi tashi, a ɗora wa famfo laifin da ba nasa ba. Motocin Ford da yawa ma suna da wani maɓalli da ke yanke wutar famfo in mota ta daku da ƙarfi, sai an danna shi ya koma.

Sababbin motocin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda kuwa famfo biyu gare su, na biyun a kan inji, yana kai bar 200. Na dizal na zamani har 2,000! Waɗannan ba a sassauta musu bututu inji na aiki, feshin na huda fata.

Zan tafi, na ce, "Oga, in duk an bi, fis lafiya, rile lafiya, wuta ta isa cif, shi kuma ya yi gum fa?"

Ya ce, "Sa yaro ya yi kik, kai kuma ka sami katako ka bubbuga gindin tanki. In gawayin ne suka maƙale a rami, girgizar kan sa su kama, ya tashi."

"Shi ke nan an gyara?"

"Wane gyara! In ta tashi, kada ka kashe ta. Kada ka tsaya sayen rake. Miƙe har wurin mai kayan gyara, kuma ka ce a haɗo maka da sabuwar matata."